WAYAR DA KE HANNUNMU: TA SALAMA CE KO TA WUTA?

 

Maganar da muka kawo yau a kan abin da ke cikin aljihun kowannenmu ne, wato wayar salula. A watan Agusta na 2001 aka fara amfani da layukan salula na GSM a Nijeriya, a watan Satumba kuma rikicin Jos ya ɓarke. A lokacin, jita-jita da ƙafa take tafiya, daga kasuwa zuwa unguwa. Yau kuwa kafin mutum ya gama alwalar fuska da safe, hoto ya riga ya zaga ƙasa ta Facebook da WhatsApp.

Bari mu tuna da abin da ya faru a Jihar Filato a watan Yuni na 2018. A ranar 23 ga wata aka kai hari a ƙauyukan yankin Gashish, cikin Ƙaramar Hukumar Barkin Ladi, aka kashe mutane da yawa, akasarinsu 'yan'uwanmu Kirista ne. Wannan gaskiya ce, ba mai musunta. Amma a ranar nan wasu hotuna masu ban tsoro suka shiga yawo a Facebook, ana cewa daga Gashish suke. Daga baya binciken BBC ya nuna cewa hoton wani jariri da aka sassare ya riga ya fito watanni kafin harin. Wani bidiyon kuma ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo-Brazabil ne, tun 2012.

Kashegari, 24 ga wata, matasa cikin fushi suka tare hanya, suka fitar da mutum 11 daga motoci suka kashe su. Ɗayansu mai sayar da dankali ne daga Jos, ba ruwansa da Gashish. 'Yan sandan Filato sun ce hotunan nan sun taimaka wajen hura wutar. 'Yan'uwa, wannan magana tana da nauyi a bakinmu, amma dole mu faɗe ta: cikin waɗanda suka tura hotunan gaba, ba za a rasa masu zuwa sujada ranar Lahadi ba. Zafin zuciya ne ya sa su, amma jinin da ya zuba bai koma ba.

A wannan rana ta 23 ga Yuni ɗin dai, a ƙauyen Nghar Yelwa, wani dattijon limami, Abubakar Abdullahi, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262 da suka gudo, yawancinsu Kirista. Ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Labarinsa ma ta waya ya zaga duniya, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Kun gani ke nan, hanya ɗaya ce ta ɗauki ƙarya ta kuma ɗauki alheri. Waya ba ta zaɓe, mai riƙe da ita ne yake zaɓe.

Mu da muke zaune 'yan kaɗan a garuruwanmu, mun fi kowa sanin abin da saƙo guda zai jawo. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya a dandalin WhatsApp na ajinsu. Babu abin da zai halatta wannan kisa, kuma ba za mu daina neman adalci ba. Duk da haka mu koya wa 'ya'yanmu cewa dandali ba ɗaki ba ne, kasuwa ce. Abin da ka faɗa wa mutum 10, gobe 10,000 za su ji shi.

To, me za mu yi? Ba cewa muke a yi shiru a kan zalunci ba. Idan an ƙone majami'a, a ɗauki hoto, a rubuta rana da wuri, a kai wa shugabanni da hukuma. Shaida mai kyau ita ce ƙarfin marar ƙarfi. Amma hoton ƙarya guda yakan sa a ƙi gaskata na gaskiya guda goma.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na fari, kafin ka tura saƙo ka tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? In ba amsa, bari ya mutu a wayarka. Na biyu, kowane dandalin ikkilisiya ya kasance da dattijo mai lura, wanda zai share abin da ba a tabbatar ba. Na uku, matasanmu da suka iya binciken asalin hoto a intanet su koya wa iyaye. Na huɗu, Baba Fasto da dattawa su riƙe lambar limami da ta mai unguwa tun ana zaman lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasiƙar Yakubu sura 3 ta gargaɗe mu a kan harshe, ta kwatanta shi da ƙaramar wuta mai cin babban jeji. A zamaninmu harshen ya koma kan yatsa. Dokar da ta hana shaidar zur kuwa ba ta ware wanda ya ce "turo mini aka yi" ba.

Ubangiji ya tsare yatsunmu, ya mai da mu masu ƙulla zumunci a inda ya dasa mu. Amin.