Harshen Uwa a Aji: Ina Kuɗin?

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A 2025 kuma aka soke tsarin, wai yara suna faɗuwa jarrabawa. To, ina littattafan Hausa, Fulfulde ko Kanuri da aka buga? Ina malaman da aka horar? Ba a shuka ba, ana zargin gona!

Batun kuɗi kuwa, wata doka ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi kuɗin, jihohi da dama kuwa suna jan ƙafa. Gwamnoni, ku biya kasonku, a buga littattafai, yaro ya fara karatu da harshen gida kafin Turanci.