Matan Laberiya da Sulhun Akara
(Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai)



In ana maganar sulhu tsakanin masu yaƙi, mun saba da ganin hoton manyan maza sun kewaye tebur, kowa da alƙalaminsa. Yau muna so mu duba waɗanda suka tilasta wa mazan nan zama, kuma misalinmu daga Laberiya zai fito, ƙasar da sojojin Nijeriya suka je kwantar da tarzoma a cikin rundunar ECOMOG tun 1990.

Yaƙin basasar ƙasar ya ɓarke a watan Disamba na 1989, ya lafa, Charles Taylor ya hau mulki a 1997, sa'an nan wutar ta sake tashi. A 2002 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Leymah Gbowee, ta tara matan coci domin addu'ar neman zaman lafiya. Wata 'yar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta kawo matan Musulmi suka haɗu. Wannan haɗuwa, a ganinmu, ita ce ƙashin bayan al'amarin, gama da ɓangare ɗaya ne ya fito da an ce wani ke tura su. Suka sa fararen tufafi, suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi ta Manrobiya, inda ayarin motocin Taylor yake wucewa, rana da ruwan sama ba su tashe su ba. A watan Afrilu na 2003 ya yarda ya gana da su, ya yi alkawarin zuwa taron sulhu.

An kuma yi ta yayata cewa sun ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu. Gbowee da kanta ta ce wannan bai canza kome ba sai dai ya jawo hankalin 'yan jarida, amma har yau shi mutane suka fi tunawa.

Taron ya buɗe a ƙasar Gana a watan Yuni, mai shiga tsakani kuwa shi ne Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban ƙasarmu. Makonni suka wuce, wakilan gwamnati da na 'yan tawaye suna kwana a otal suna jayayya a kan wanda zai riƙe wace ma'aikata, alhali a Manrobiya harsasai suna sauka a kan talakawa. Da haƙurin matan ya ƙare, sai suka zauna a bakin ƙofofin zauren, suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Masu tsaro suka zo kama Gbowee, ta yi barazanar tuɓe tufafinta, abin da al'adar yankin ta ɗauka la'ana ce a kan duk namijin da ya gani. Janar Abdulsalami bai sa a kore su ba, mazan ya tura su koma kan kujerunsu. Taylor ya sauka ranar 11 ga Agusta ya tafi gudun hijira Kalaba, aka sa hannu a yarjejeniyar Akara ranar 18 ga watan.

Ba mu ce mata kaɗai suka kawo ƙarshen yaƙin ba. 'Yan tawaye sun riga sun kewaye babban birni, kotun musamman ta Saliyo kuma ta fitar da sammacin kama Taylor. Amma abin da ya dame mu shi ne rabon da aka yi bayan haka, watau masu bindiga suka raba manyan ma'aikatun gwamnatin riƙon ƙwarya a tsakaninsu. Ga shi kuwa tun ranar 31 ga Oktoba, 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya nemi a sa mata a kowane mataki na shawarar sulhu. Matan Laberiya sai da suka koma gida suka bi kasuwa-kasuwa suna sa 'yan'uwansu yin rajistar zaɓe, kafin Ellen Johnson Sirleaf ta ci zaɓen 2005. A 2011 ita da Gbowee da Tawakkol Karman ta Yaman suka sami lambar Nobel ta zaman lafiya.

Nijeriya ma ta fitar da nata tsarin aiwatar da ƙudurin nan a 2013. Da yawa daga cikinmu ma'aikatun gwamnati za mu shiga, wasu ma sun riga sun shiga, kuma mu ne za a ba aikin rubuta sunayen waɗanda za a gayyata kwamitin sulhu in rikici ya tashi tsakanin manoma da makiyaya ko tsakanin unguwa da unguwa. Muna roƙon mai riƙe da alƙalamin ya ƙirga matan da ke cikin jerin kafin ya miƙa wa babban sakatare.