Jawabi ga Ma'aikata: Abin da ke Jawo Sakaci da Sirrin Ofis

Jama'a, garin Jos gari ne na ma'aikata. A nan hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu take, wanda aka kafa a 1971, ga Jami'ar Jos, ga Asibitin Koyarwa, ga kuma Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru. Irin waɗannan wurare suna riƙe da sunayen mutane, da lambobin asusun banki, da takardun albashi da na marasa lafiya. A dā fayil da kabad da makulli ne ke tsare su. Yau akasarinsu suna cikin kwamfuta, makullinsu kuwa kalmar sirri ce.

Sau da yawa ba mugunta ce ke sa sirri ya fita ba, sakaci ne, shi kuwa sakaci yana da dalilai.

Na farko, gaggawa. Idan aiki ya taru, wuta ta ɗauke, kuma ana jiran takarda, sai akawu ya kwashe ta a filashi ya kai shagon buga takardu, inda kwafinta zai zauna a kwamfutar wani.

Na biyu, kunya da yarda. Ma'aikaci yakan ji nauyin hana abokin aikinsa kalmar sirri, ko tambayar wanda ya bugo waya da sunan babban jami'i. Da irin wannan yaudara ta waya aka ruɗi waɗansu ma'aikatan kamfanin Twitter a Amurka a watan Yuli na 2020, har aka kai hari ga shafuka 130.

Na uku, halin shugaba. In mai gida ya rubuta kalmar sirrinsa ya manna a teburi, na ƙasa da shi ba za su ɗauki gargaɗinsa da muhimmanci ba.

Na huɗu, rashin sanin darajar abin da ke hannu. A 2007, ofishin haraji na Biritaniya ya aika da faya-fayai biyu masu ɗauke da bayanan mutane kimanin miliyan 25, suka ɓace a hanya.

Na biyar, tsoron horo. Wanda ya buɗe saƙon ƙarya yakan yi shiru don gudun faɗa, ɓarna kuwa tana ta yaɗuwa.

Lalle ne kowa ya sani doka ba ta yi shiru ba. Akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ita ta ƙarshen ta wajabta wa ma'aikata ta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 bayan ta gano an keta bayanan da ka iya cutar da masu su. Watau shirun ma'aikaci ɗaya yana iya jefa ofis duka cikin laifi.

Saboda haka, nauyin gyara ya fi rataya a wuyan shugabanni. Su tanadi kayan aiki, su riƙa horar da ma'aikata akai-akai, su bai wa kowa kalmar sirrinsa shi kaɗai, su kuma karɓi wanda ya kawo rahoton kuskurensa ba tare da muzantawa ba. Shi kuma ma'aikaci ya kulle kwamfutarsa in zai tashi, ya tabbatar da mai neman bayani kafin ya ba shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowace takarda da ke ofis amanar wani ɗan ƙasa ce.