Binciken Farfesa Goodenough da Baturin da Ke Aljihunka



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana muku yadda binciken wani masani ya haifar da abin da ke cikin aljihun miliyoyin mutanen ƙasar nan, watau baturin wayar hannu. Masanin kuwa shi ne Farfesa John Goodenough, mutumin Amurka, wanda aka haifa a 1922, ya rasu a 2023 yana da shekara 100.

Ga asalin al'amarin. A 1973 ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin rijiyoyin mansu, farashi ya hau, hankalin ƙasashen Turawa ya tashi. Sai aka dukufa neman hanyar ajiye wutar lantarki domin a rage dogara ga man fetur. Wani masani a kamfanin Exxon, mai suna Stanley Whittingham, ya harhaɗa baturi da litiyam, wanda shi ne mafi rashin nauyi cikin dukan ƙarafa. Baturin ya yi aiki, amma yana da mugun aibi: in an yi ta cajinsa, sai litiyam ɗin ya riƙa tsirowa kamar allurai har ya haɗa ɓangarorin baturin biyu, wuta ta tashi.

Goodenough ya kama aiki a Jami'ar Oxford ta Ingila a 1976. A 1980 shi da abokan aikinsa suka gano cewa wani haɗi na litiyam da kobal da iskar oksijin ya fi dacewa da zama ɓangare ɗaya na baturin. Wannan haɗi hawa-hawa yake, ƙwayoyin litiyam suna shiga tsakaninsa suna fita, kamar yadda tantabaru ke shiga ɗakinsu su fita ba tare da ginin ya rushe ba. Ƙarfinsa ya kai bolt 4, alhali na Whittingham bai wuce bolt 2 da 'yan kai ba. Sa'an nan a 1985 Akira Yoshino na ƙasar Japan ya yi ɗaya ɓangaren da wani irin gawayi da ake samu daga man fetur, wanda ya rage haɗarin gobara ƙwarai. Kamfanin Sony ya fitar da baturin kasuwa a 1991.

Farfesan bai tsaya nan ba. Kobal yana da tsada, kuma yawancinsa daga ƙasar Kwango ake haƙo shi. Saboda haka a 1997, yana Jami'ar Texas, shi da ɗalibansa suka bayyana wani haɗin na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, mai araha da jure zafi. Irinsa ne ake sa wa motocin lantarki da yawa, da manyan baturan da ke ajiye wutar hasken rana a gidaje da asibitoci. A 2019 aka ba su ukun lambar Nobel, Goodenough yana da shekara 97, ba a taɓa ba wanda ya kai shi tsufa ba.

To, mene ne rabonmu a nan? Na farko, a lura cewa shekara 11 ce tsakanin ganowar da shigarta kasuwa. Bincike ba noman rani ba ne da za a girbe cikin wata uku. Kalmar litiyam ma daga sunan dutse ta fito a harshen Girka, Hausawa kuwa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Na biyu, Allah ya albarkaci ƙasarmu da ma'adinin litiyam a jihohi irin su Nasarawa da Kogi da Kwara. Amma wanda ya sayar da ɗanyen dutse da arha, ya dawo ya sayi baturi da tsada, wani ya yi wa wahala. Ribar tana wajen mai ilmin sarrafawa. Don haka wajibi ne iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, karatun kimiyya, kada a bar su suna kwana a ramukan haƙar ma'adinai.

Na uku, a kiyaye. Kada a bar waya cikin rana ko a ƙarƙashin matashi tana caji. Baturin da ya kumbura a daina aiki da shi nan da nan, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi cikin wuta ko a juji inda yara ke wasa.

Wanda ya ji wannan bayani ya isar wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.