Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya: Baƙin Ciki da Ciwon Ciki



Yau za mu yi magana a kan wani ciwo da kowa ya sani a garin nan. Mutum ya yi ta fama da ciki: ƙwannafi, kumburi, yau zawo, gobe ciki ya ɗaure. Ya sha kanwa, ya sha jiƙo, ya biya kuɗin mota har Damagaram, likita ya auna, ya ce bai ga kome ba. In ka tambaye shi ko wani abu na damunsa, sai ya ce lafiya lau. Ba ƙarya ya yi ba. Shi kansa bai gane abin da ke ransa ba.

A shekarar 1973 wani likita a Amurka, Peter Sifneos, ya yi rubutu a kan irin waɗannan mutane, masu kasa bambance fushi da tsoro da ɓacin rai. Bincike daga baya ya nuna sun fi saurin kamuwa da ciwon damuwa, da ciwon hanji marar rauni, domin akwai jijiyoyi da suka haɗa ƙwaƙwalwa da hanji. Kakanninmu sun hango haka, shi ya sa suka ce baƙin ciki da farin ciki.

To, mu duba kanmu. An hore mu da kunya da haƙuri, kuma gado ne mai kyau. Amma magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, da matar da mijinta ya tafi ci-rani Kano ko Libiya shekara biyu ba aike, in sun haɗiye magana, ciki ne zai faɗe ta.

Saboda haka muna roƙo, kowa ya sami amini guda. In za mu tambayi ɗan'uwa, kada mu tsaya ga "ina gajiya". Mu ce: kana samun barci? Yaushe ciwon ya soma? Me ya faru a gida lokacin?

Amma a yi hattara. Gyambon ciki yawanci ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma yana da magani. Wanda ya ga aman jini, ko baƙin kashi, ko rama, ko ya ji duniya ta ishe shi, a kai shi asibiti ba jinkiri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.