Rangwamen Gwamnati da Tattalin Wutar Lantarki a Gidajenmu



Kusan kowannenmu da ke zaune a birni ya san zafin kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Nijeriya, wato NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin "A" zuwa naira 225. Daga nan magidanci ya fara zura wa mita ido kamar yadda uwargida take duba buhun shinkafa. Abin tambaya shi ne, me wasu gwamnatoci suka yi domin sauƙaƙa wa jama'arsu irin wannan nauyi, kuma wane darasi za mu ɗauka?

Bari mu fara da Ghana. A shekarar 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙwarai, har aka shiga rabon wuta tsakanin unguwanni. Gwamnatin Shugaba John Kufuor ta raba ƙwayayen fitila marasa shan wuta guda miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin. Wannan mataki kaɗai ya rage buƙatar wuta a lokacin da aka fi jan ta da kimanin megawat 124, tamkar an gina sabuwar tasha ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba.

A 2012 kuma Hukumar Makamashi ta ƙasar, da tallafin UNDP, ta ɓullo da rangwamen firji. Mutum zai miƙa tsohon firjinsa mai aiki, a rage masa kuɗin sabo mai ɗauke da tambarin taurari, waɗanda yawansu ke nuna ƙarancin wutar da yake sha. A 2013 aka fara aiwatar da dokar hana shigo da firjin gwanjo. Hikimar shirin tana cikin karɓe tsohon, domin da an bar shi a hannun mai shi, da wani gida zai koma ya ci gaba da zuƙar wuta.

Amurka ta ɗauki hanya mai faɗi fiye da haka. Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Agusta na 2022 ta ware kusan dala biliyan 8.8 domin rangwamen gyaran gidaje. Ta tanadi har dala 840 ga mai sayen murhun lantarki, da dala 8,000 ga na'urar ɗumama gida da sanyaya shi, iyakar abin da gida ɗaya zai samu kuwa dala 14,000 ne, kuma masu ƙaramin ƙarfi aka fifita.

'Yan'uwa, a nan ne ya kamata mu yi hattara, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda wuta ba ta tsayawa, a ce wa uwargida ta jingine gas ko gawayi ta dogara da murhun lantarki kaɗai, ganganci ne. Abin da ya dace da halinmu shi ne darasin Ghana, wato rage asara kafin komai.

Mu yi ɗan lissafi. Gida mai tsofaffin ƙwayaye 10 masu wat 60, da ake kunnawa awa 6 kullum, yana cin yunit 3.6 a rana. Idan aka musanya su da na LED masu wat 9, waɗanda haskensu bai gaza na da ba, zai ci kaɗan fiye da rabin yunit. Ragin ya kai yunit 90 a wata, wato sama da naira dubu 20 a farashin Afrilun 2024. Mai janareto ko sola ma ya ci riba, tun da ƙaramin inji zai wadatar da shi.

Saboda haka nake ba da shawarwari uku. Na farko, mu daina aika tsohon firjin da ya ishe mu zuwa gida da sunan kyauta, domin nauyi ne muke ɗora wa iyayenmu. Na biyu, wanda kuɗin sabon firji ya fi ƙarfinsa a tashi ɗaya, ya shiga adashi da 'yan'uwansa, kuma ya duba yawan wutar da kaya ke sha kafin ya duba arharsa, gama araha ba ta ado. Na uku, waɗanda ke da kusanci da wakilanmu a majalisa su gabatar musu da misalin Ghana, tare da sharaɗin karɓe tsohon kaya da fifita talaka.

Da haka nake kammala jawabina.