Tazarar Shekaru da Amanar Riƙo: Yadda 'Yan Kallo Suka Karɓi Fim ɗin Lamhe



Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanin cewa tatsuniya ba ta mai ba da ita kaɗai ba ce. Masu sauraro ma suna da hannu a ciki, domin dariyarsu da tsakinsu da shirunsu su ne ke nuna wa mai labari inda ya dace da inda ya kauce. Haka abin yake ga fim. Idan jama'a suka cika gidan silima, ko kuwa suka ƙaurace masa, to sun yanke hukunci ke nan, kuma wannan hukunci yakan bayyana halin al'umma fiye da yadda fim ɗin kansa zai bayyana shi.

A wannan lacca ina so mu dubi wani tsohon fim na soyayya daga ƙasar Indiya mai suna Lamhe, watau "lokuta", wanda Yash Chopra ya shirya, aka fara nuna shi cikin watan Nuwamba na 1991. An saba cewa mutanen Indiya sun juya wa fim ɗin baya saboda ya haɗa babban mutum da ƙaramar yarinya. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, yawan shekaru bai isa ya bayyana wannan ƙyama ba. Abin da ya tsaya wa 'yan kallo a maƙogwaro shi ne matsayin da mutumin yake da shi a kan yarinyar, watau matsayin mai riƙo.

Labarin a taƙaice

Wani saurayi ɗan gidan sarauta mai suna Viren, wanda Anil Kapoor ya fito a matsayinsa, ya zo gidan kakanninsa a jihar Rajastan tare da uwar goyonsa, Dai Jaa, wadda Waheeda Rehman ta fito a matsayinta. A can ya ga Pallavi, 'yar maƙwabcinsu, son ta ya kama shi, alhali kuwa ta girme shi. Bai iya furta mata ba, ita kuma zuciyarta tana wurin wani, Siddharth, wanda daga baya ta aura. Viren ya haɗiye baƙin cikinsa ya tafi Landan. Ba a daɗe ba ma'auratan suka yi hatsarin mota, mijin ya rasu, Pallavi ta haifi 'ya mace sa'an nan ita ma ta cika. Aka sa wa jaririyar suna Pooja, ta tashi a hannun Dai Jaa, a gidan Viren, da dukiyarsa.

Viren yakan zo sau ɗaya a shekara don juyayin rasuwar Pallavi, wadda ta zo daidai da ranar haihuwar yarinyar, amma ba ya sake mata fuska. Da Pooja ta girma sai ta fito da kamannin uwarta sak, kuma Sridevi ce ta fito a matsayin uwar da 'yar duka. Ta je Landan, ta bayyana wa Viren cewa shi take so. Ya ƙi, ya faɗa mata cewa uwarta ya so, har ya yi niyyar auren wata don ya raba ta da wannan tunani. A ƙarshe dai ya gane cewa shi ma yana son ta, fim ya ƙare suna tare.

Yadda aka karɓe shi

Kafin Lamhe ya fito babu mai zaton zai faɗi. Shekara biyu kafin nan, cikin 1989, Yash Chopra da Sridevi sun yi Chandni, wanda ya sami kasuwa ƙwarai. Waƙoƙin sabon fim ɗin, waɗanda Shivkumar Sharma da Hariprasad Chaurasia suka yi wa kiɗa, sun shiga bakin mutane. Duk da haka, da aka fara nuna shi, ciniki bai yi kyau ba a gidajen silima na Indiya, har wasu suka riƙa cewa labarin ya yi kusa da auren uba da 'yarsa.

Abin mamaki kuwa, a ƙasashen waje, musamman Ingila inda Indiyawa suke da yawa, fim ɗin ya yi kasuwa sosai. Masu sharhi ma sun yabe shi, kuma a bikin Filmfare na 1992 ya ci lambobi biyar, ciki har da ta fim mafi kyau, da ta Sridevi a matsayin 'yar wasa mafi ƙwarewa, da ta Honey Irani wadda ta ƙago labarin, da ta Rahi Masoom Raza wanda ya rubuta maganganun. Ashe ke nan hukunci uku muke da su a kan abu ɗaya: na masu sayen tikiti a gida, da na mazauna waje, da na masana. Aikinmu shi ne mu gano abin da ya raba su.

Shin shekarun ne?

Hanya mafi sauƙi ta gwada zargin da ake yi wa shekaru ita ce mu dubi abin da waɗannan 'yan kallo suka saba karɓa hannu biyu-biyu. An haifi Sridevi cikin 1963. Cikin 1983 ta fito a Himmatwala a matsayin masoyiyar Jeetendra, wanda aka haifa cikin 1942, watau ya ba ta shekara 21, kuma fim ɗin ya yi kasuwar da ta ɗaukaka sunanta a finafinan Hindi. Akwai ma misalin da ya fi wannan. Cikin 1972, tana yarinya, ta fito a matsayin jikar N. T. Rama Rao a wani fim na harshen Telugu mai suna Badi Panthulu. Bayan shekara bakwai, cikin 1979, ta fito a matsayin masoyiyarsa a Vetagadu, alhali ya girme ta da shekara 40. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Wani zai ce ai waɗannan shekarun 'yan wasa ne, labari bai ambace su ba. Gaskiya ne, to sai mu duba inda labari ya ambata. Cikin 2007 Amitabh Bachchan ya fito a finafinai biyu masu irin wannan jigo. A Cheeni Kum shi mai gidan abinci ne a Landan, ɗan shekara 64, ya so wata mace 'yar shekara 34 wadda ba abin da ya haɗa su sai ciniki, kuma mutane sun yi dariya sun karɓa. A Nishabd kuwa magidanci ne ɗan shekara 60 da zuciyarsa ta karkata ga ƙawar 'yarsa, 'yar shekara 18, wadda ta sauka baƙunci a gidansa. Wannan ya jawo zanga-zanga, kasuwarsa kuma ta mutu. Haƙiƙa ƙuruciyar yarinyar tana cikin abin da ya ɓata wa mutane rai, amma a lura da cewa ita ma, kamar Pooja, tana ƙarƙashin inuwar gidan mutumin ne, a matsayin 'ya.

Matsayin mai riƙo

Abubuwa uku ne a cikin Lamhe suka sa Viren ya zama kamar uba a idon 'yan kallo, ko da yake babu jini tsakaninsa da Pooja. Na farko, shi ne ya ɗauki nauyin ci da sha da karatunta tun tana tsumma. A al'adar auren Hindu akwai abin da suke kira kanyadan, watau miƙa budurwa ga miji, aikin da uba ko mai tsaya mata yake yi. Mutumin da ya kamata ya ba da ita, shi ne ya karɓe ta.

Na biyu, mace ɗaya ce ta goye su. Dai Jaa ta reni Viren, ta kuma reni Pooja, saboda haka ta wata fuskar wa da ƙanwa ne. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne kamannin. Da yake fuska ɗaya ce ta fito a uwa da 'ya, mai kallo ba ya iya kawar da tambayar nan: wa Viren yake so, Pooja ko kuwa inuwar matacciya? Dabarar da ta ba Sridevi damar nuna gwanintarta, ita ce kuma ta hana zukatan mutane kwanciya.

Masu kare fim ɗin suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Viren bai taɓa zama da yarinyar ba, bai yi mata tarbiyya ba, gudunta ma yake yi. Ita ce ta fara furtawa bayan ta girma, shi kuwa ya daɗe yana ƙi. Marubutan sun toshe kowace ƙofa da za a zarge shi da yaudara. Amma mai kallo ba alƙali ba ne da zai zauna yana auna hujja. Shi dai ya ga yarinya ta tashi a gidan mutum tana ɗokin zuwansa kamar yadda 'ya take ɗokin uba, kuma wannan hoton ya riga ya zauna masa kafin a zo ga hujjojin.

Wannan, a ganina, shi ne ya bambanta na gida da na waje. Mutumin da yake zaune a babban gida na gandu, inda marayu da 'ya'yan dangi suke tashi a hannun baffanni da kawunnai, ya san cewa zaman lafiyar gidan ya dogara ga ƙa'ida ɗaya: wanda aka ba riƙo ba ya sa ido a kan abin da aka ba shi. Wanda kuwa yake zaune a Landan ko Lesta, shi da matarsa da 'ya'yansa kaɗai, yana iya kallon labarin a matsayin ƙaddarar mutum biyu, ba tare da ya ji an taɓa ginshiƙin gidansa ba.

Akwai wata tazarar da ba a cika magana a kanta ba, watau ta kashin farko, inda saurayi ya so wadda ta girme shi. Ba a ji wani ƙorafi a kan wannan ba, domin labarin bai bar soyayyar ta je ko'ina ba. Pallavi ta auri wani, ta rasu, 'yan kallo suka huta da yanke hukunci. Bayan shekara goma, a Dil Chahta Hai na 2001, wani babban fim ya sake taɓa wannan batu, kuma can ma mutuwa ce ta raba gardamar.

Abin da ya shafe mu

Ba don nishaɗi kawai na zaɓo fim ɗin Indiya ba. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, kuma masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna yadda suka yi tasiri a kan littattafan soyayya da finafinan Hausa. Dalilin karɓuwarsu kuwa shi ne suna tattauna abin da yake damunmu: son zuciya a gefe ɗaya, biyayya ga iyaye da dangi a ɗaya gefen.

Idan muka auna labarin Lamhe da ma'aunin Hausa za mu ga harshenmu ya riga ya tanadi kalmomin da ake bukata. Muna da riƙo da 'yar riƙo, muna da uwar goyo, muna da waliyyi, muna da amana, muna kuma da kunya da kara. Bahaushe bai ɗauki tazarar shekaru tsakanin miji da mata abin mamaki ba. Amma ya san bambanci tsakanin abin da aka hana da abin da ake jin kunyarsa, ya kuma san cewa wanda ya ci amanar maraya ya zubar da girmansa ko da babu mai kai shi ƙara.

Adabinmu ma ya taɓa wannan fage ta wata kusurwa. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila?, na 1990, an cire yarinya daga makaranta an aurar da ita ga dattijo ba da son ranta ba. Abin da marubuciyar ta sa a gaba shi ne tilas da rashin iko. A Lamhe kuwa yarinyar ce take so, dattijon yana gudu. Duk da wannan bambanci, tambayar da ke ƙarƙashin labaran biyu ɗaya ce: wa yake da iko a kan wa, kuma ƙaramin yana da hanyar cewa a'a?

Kammalawa

Yash Chopra ya rasu cikin 2012, Sridevi kuma cikin 2018. Kafin rasuwarsa ya sha ambaton Lamhe cikin finafinansa da ya fi so, kuma sannu a hankali fim ɗin ya shiga sahun waɗanda ake girmamawa, har ana cewa ya riga zamaninsa. Ni dai ina ganin wannan magana ta rage wa 'yan kallon 1991 daraja, kamar dai duhun kai ne ya hana su fahimta. Sun fahimta sarai. Sun ga gwaninta, sun ji daɗin waƙa, amma sun ƙi amincewa da ƙarshen da ya mai da mai riƙo ango. Masu kallo na baya-bayan nan da suke tambaya a kan fifikon iko tsakanin masoya, damuwar mutanen farko suke maimaitawa da sababbin kalmomi.

Saboda haka shawarata ga ɗalibanmu masu nazarin adabi da fim ita ce, in sun ga jama'a sun ƙi wani labari, kada su tsaya ga dalilin da aka fi faɗa a baki. Su tambaya wace ƙa'ida ta zaman tare labarin ya taka, su kuma nemi sunanta a harshen mutanen. Ga marubutanmu kuwa, wanda zai haɗa babba da ƙarama a labari, ya sani cewa mai karatu zai yafe masa shekaru da sauƙi, amma zai bi diddigin amana har shafi na ƙarshe.